Maiƙon tumaki a jikin kwanson harsashi: a goge ko a bari?

A Amurka akwai mafarauta da 'yan gasar harbi masu ɗimbin yawa da ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba shi. Tsince shi suke yi su kai gida, su gyara, su sake ɗura masa albarushi, su sa masa sabon kai, su koma da shi fili. Dalilin farko kuɗi ne, don a cikin abubuwa huɗu da suka haɗu suka zama harsashi, wato kwanso da albarushi da kai da 'yar hular tartsatsin da ke gindi, kwanson ne ya fi tsada, kuma shi kaɗai ne ake iya sake amfani da shi bayan an harba. Idan an kula da shi yakan yi zagaye da yawa kafin ya gaji. Dalili na biyu shi ne neman daidaito: mai gasa yana son kowane harsashi ya zama tamkar ɗan'uwansa. A kan wannan sana'ar hannu kamfanoni suka tashi. Fred Huntington ya kafa RCBS a garin Oroville na jihar Kalifoniya a 1943, Richard Lee ya fito da 'yan kayan aikinsa masu araha a jihar Wiskonsin a 1958, ga kuma Dillon a Arizona da Hornady a Nebraska. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya yi wannan don amfanin kansa, amma in sayarwa zai yi sai da lasisi. A Najeriya ba haka abin yake ba, dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ya haɗa harsashi a gidansa, saboda haka maganar da za mu yi ta can ce.

Cikin masu wannan aiki akwai wata tambaya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Bayan an shafa wa kwanso lanolin, wato maiƙon tumaki, an matse shi, lalle ne sai an cire maiƙon? In kuwa lalle ne, da me za a cire shi? Tambayar ta yi kama da ƙarama, amma wanda ya bi ta zai tarar da ilmin ƙarfe da na sinadarai da tarihin yaƙi, har da lafiyar 'ya'yan gida.

Me ya kawo mai tun farko? Kwanson harsashi tagulla ce, kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. An zaɓe ta ne saboda tana miƙewa ba ta tsage ba. Lokacin da aka harba, albarushi na ƙonewa a cikinta da ƙarfin da ya wuce tunani. A harsashin farauta irin .308 Winchester, iyakar matsin da ƙungiyar masu ƙera makamai ta Amurka ta amince da shi ya haura nauyin tan 4 a kan kowane murabba'in santimita. Wannan matsi ke buɗa kwanson har ya manne da bangon makwancinsa a cikin bindiga. In wuta ta mutu yakan ɗan tsuke, amma ba ya komawa yadda yake da. Don haka kafin a sake amfani da shi sai an tura shi da ƙarfi cikin wani bututun ƙarfe mai tauri wanda aka huda daidai girman sabon kwanso. Tagulla ce ke gugar ƙarfe a matse, babu rata ko ta gashi ɗaya. Kwanson bindigar hannu mai miƙaƙƙen jiki yakan wuce ba mai in bututun na musamman ne mai santsin baki. Amma na doguwar bindiga, mai kafaɗa da siririn wuya, in aka tura shi a bushe, maƙalewa zai yi. A ja hannun inji da ƙarfi, gemun gindin ya yage, kwanson ya zauna daram a ciki. Fito da shi sai an huda gindin, an yanka masa zare, an ja shi da kusa. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san wannan ɓacin rana, shi ya sa ba mai wasa da shafa mai.

Lanolin kuwa daga jikin tunkiya yake fitowa. Tumakinmu na nan, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba, shi ya sa ba mu saba da shi a matsayin kayan kiwo ba. Tumakin ulu irin Merino na Ostareliya da Niyuzilan fatarsu na fitar da wani maiƙo mai kauri da ke lulluɓe kowane silin ulu, ya hana ruwan sama ratsa su. Idan an yi musu aski, akan wanke ulun da ruwan zafi da sabulu, a tace ruwan wankin da inji mai juyawa da sauri, a raba maiƙon, a tsabtace shi. Wasu Jamusawa biyu, Otto Braun da Oscar Liebreich, su suka yi rajistar hanyar tace shi a 1882. Da yawa daga cikinmu sun taɓa shi ba su sani ba, don yana cikin man leɓe da man shafawa da wanda ake ba mai jego in kan nononta ya tsage.

Masu sake ɗura harsashi sun so shi ne saboda hali guda: duk yadda aka matse shi tsakanin ƙarafa biyu, ba ya gudu ya bar wurin. Ɗan kaɗan ya isa, ba ya da wari mai cutarwa, ba ya cin hannu, kuma yana da araha. Da yawa a gida suke haɗa nasu. Su sami lanolin na ruwa kashi ɗaya, su zuba masa sifirit mai ƙarfi kashi goma ko sha biyu, irin wanda ake kira aisofirofil mai kashi 99, su sa a kwalbar feshi. Sai a zuba kwanso ɗari ko biyu a leda ko a kwali, a fesa sau biyu ko uku, a girgiza, a bar su minti kaɗan sifirit ya tashi. Abin da zai rage shi ne wani siririn danƙo a jikin kowane kwanso. Man da kamfanin Dillon ke sayarwa ma haɗin nan ne.

To, halin nan da ya sa aka so shi, shi ne kuma ya zama matsala. Abin da Allah ya halitta don ya hana ruwa taɓa tunkiya ba zai bar jikin tagulla ba don kawai an watsa masa ruwa.

Masu cewa dole a cire suna da hujja uku, kuma ta farko ce aka fi kai ruwa rana a kanta. Mannewar da kwanso ke yi da bangon makwancinsa a lokacin harbi tana da amfani. Tana toshe hanya kada iskar wuta ta dawo fuskar mai harbi, kuma tana ɗauke wani kaso na turin da ke komawa baya. In jikin kwanson na da santsi, riƙon ya ragu, turin sai ya tafi kusan gaba ɗaya kan sakatar da ke rufe bayan bindiga. Sojojin Ingila sun san da haka tun da daɗewa, shi ya sa a tsohuwar hanyarsu ta auna ƙarfin harsashi suke shafa wa kwanso mai da gangan, don turin ya isa ma'aunin da ke gindi bai rage ba. Wani sanannen maƙerin bindiga na Amurka, P. O. Ackley, ya ba da labarin gwajin da ya yi a littafinsa na 1962. Ya ɗan warware bututun wata bindiga ƙirar Winchester 94 don ya bar rata a baya. Da ya harba busasshen kwanso, sai kwanson ya riƙe bango ya tsaya, 'yar hular gindi kaɗai ta leƙo baya. Da ya shafa mai, kwanson ɗungurungum ya zame ya daki sakata.

Akwai kuma labarin 1921, wanda har yau ake kafa hujja da shi. A gasar harbi ta ƙasa da ake yi a Camp Perry na jihar Ohayo, sojoji sun raba harsashin da aka shafe kansa da kuza, don maganin wani datti da ke taruwa a bututun bindiga. 'Yan gasar kuwa sun riga sun saba tsoma kan harsashi a giris saboda wannan dattin. Bindigogi suka lalace, hukumar soja ta ɗora laifin a kan giris ta hana amfani da shi. Janar Julian Hatcher ya kawo labarin a littafinsa na 1947, daga nan tsoron mai a makwancin harsashi ya zama abin da kowane malami ke koya wa ɗalibi.

Amma masu ɗaya ɓangaren ba su yi shiru ba, kuma maganarsu ba ta wofi ba ce. Suna cewa kuzar ce ta like kan harsashi da wuyan kwanso har ya ƙi sakin sa a kan lokaci, ita ta tada matsi, aka bar jaki ana dukan taiki. Suna kuma nuna bindigogin da aka ƙera su don su ci harsashi mai maiƙo. Schwarzlose ta Ostiriya, wadda ta yi yaƙin duniya na farko, tana da ɗan famfon da ke ɗiga wa kowane harsashi mai kafin ya shiga. Breda 30 ta Italiya ma haka. Bindigar da John Pedersen ya gabatar wa sojojin Amurka a shekarun 1920 harsashinta da kaki mai tauri ake lulluɓe shi. Har yau akwai 'yan gasa da ke barin ɗan mai a jikin kwanso da gangan, suna cewa in ya zame baya a hankali ba ya miƙewa a tsakiya, sai ya fi daɗewa.

A ganina hujjar tasu ta nuna abu ɗaya ne kawai: mai a jikin kwanso ba lalle ya fasa bindiga ba. Ba ta nuna cewa barinsa hikima ce ba. Waɗancan bindigogi injiniyoyinsu sun yi lissafin man tun a takarda. Bindigar farautar da ke hannun talakan Montana ko Teksas, wadda ƙila ya gada wurin kakansa, da busasshen harsashi aka yi mata lissafi, kuma littattafan da kamfanonin ke bugawa don masu wannan aiki gogewa suke umarni. Mai da aka bari bisa kasala ba daidai yake a kowane kwanso ba, wani ya yi yawa wani ya yi kaɗan, ga shi kuwa daidaito aka fito nema.

Ko da an ajiye wannan gardama gefe, hujja ta biyu ta isa. Lanolin danƙo ne, duk abin da ya taɓa shi sai ya manne. Harsashi ya faɗi ƙasa, ko ya kwana a aljihun mafarauci, sai ya kwashi ƙura da yashi ya kai su cikin bindiga, su karce makwanci, su taru har wata rana harsashi ya ƙi shiga ko ya ƙi fita. A lokacin sanyi mai tsanani maiƙon na ƙara daskarewa. Hujja ta uku tana cikin wuyan kwanso: feshi na shiga ciki, in aka zo zuba albarushi ƙwayoyinsa su manne a wuya su ƙi gangarawa, wasu su zube waje.

Saura yadda za a cire, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi shan wahala. Akwai wata ganga mai juyawa da ake wanke kwanso da ita. A zuba kwanso, a zuba dubban 'yan ƙananan sandunan ƙarfen da ba ya tsatsa, a cika da ruwa, a ɗiga sabulun wanke-wanke da ɗan garin tsamin lemo, a kunna ta yi ta juyi. Ga kwanson da ba mai a jikinsa, fitowa yake yi kamar sabon zinare. Sai mutum ya ɗauki kwanson da ya gama matsewa, lanolin a jiki, ya zuba da ruwan famfo mai sanyi da sabulun da ya saba sawa. Bayan awa biyu ya buɗe murfi, ya ga ba kumfa ko kaɗan, ruwan ya yi baƙi, kwanson ya fito toka-toka, ya dushe. In ya murza ɗaya da yatsa, wani baƙin danƙo ya biyo shi. 'Yan sandunan sun dunƙule, bangon gangar ya yi kauri da maiƙo. Abin da ya faru shi ne lanolin bai narke ba. Barin jikin wannan kwanso ya yi ya koma na wancan, ya kwaso baƙin hayaƙin da ke ciki ya shafe kowa da shi. Duk macen da ta taɓa wanke kwanon kitsen ragon layya da ruwan randa ta san wannan: kitsen ba ya fita, yawo kawai yake yi daga kwano zuwa soso zuwa hannu.

Maganin yana cikin halin maiƙon. Lanolin na narkewa ne a zafin da bai wuce digiri 38 zuwa 44 ba a ma'aunin Salsiyas, kusa da ɗumin jikin tunkiya. Ƙasa da haka daskararre ne, sabulu ba ya iya kama shi sosai. Sama da haka ya zama ruwa-ruwa, sabulu ya farfasa shi ya riƙe shi a cikin ruwa. Don haka ruwan wankin ya zama mai zafin da hannu ba zai daɗe a ciki ba, sabulun ya fi na kullum yawa, alamar ya isa kuwa ita ce a buɗe murfi a tarar da sauran kumfa. Ɗauraya ma da ruwan zafi za a yi ta, in ba haka ba maiƙon da ya tashi zai sake kwanciya. Wasu sun fi son sabulun wankin kayan ulu, kuma akwai hankali a ciki, tunda a masana'anta ma da ruwan zafi da sabulu ake raba ulu da maiƙonsa. Tsamin lemo ba ya taɓa lanolin ko kaɗan, aikinsa haskaka tagulla ne. Wanda ya ga kwanso ya dushe ya ƙara tsami yana zaton shi ne gyara, sai tsamin ya ci tutiyar da ke saman tagullar, kwanson ya fito ja-ja.

Wahalar ruwa ita ce shanya. Ɗigo ɗaya da ya ɓuya a ramin gindi ya isa ya kashe 'yar hular tartsatsi ko ya jiƙa albarushi. Akan baza su a rana, ko a sa a injin busar da 'ya'yan itace, ko a tanda da wuta ƙasa-ƙasa. A nan sai an yi hattara ƙwarai. Tagulla na fara sakin taurinta in zafi ya kai wajen digiri 250. Masu aikin sukan gasa wuyan kwanso da gangan don ya yi laushi, amma gindi dole ya zauna da taurinsa, shi ke riƙe da wutar. Kwanson da aka manta a tanda mai zafi ya tashi daga aiki gaba ɗaya, ko da ido bai ga komai ba.

Mai gudun ruwa yana da hanya biyu. Ɗaya ita ce kwano mai girgiza da ake cika shi da niƙaƙƙiyar totuwar masara. Minti ashirin ko talatin a ciki, totuwar ta shanye maiƙon. Sai dai tana ƙoshi, bayan 'yan zagaye ta daina sha ta fara shafawa, kuma ƙwayoyinta na toshe 'yar hudar gindi, sai an bi ɗaya bayan ɗaya an duba. Ɗayar ita ce a koma ga abin da ya kawo maiƙon, wato sifirit. A shimfiɗa tsohon tawul, a yayyafa masa sifirit mai ƙarfi, a zuba kwanso a tsakiya, a kama gefe biyu a yi ta jan su gaba da baya. Ko a tsoma su a kwano na ɗan lokaci a tsame, nan da nan su bushe. Sifirit ɗin kemis mai kashi 70 ba ya aikin sosai, ruwan da ke cikinsa ya yi yawa. Ga mai kwanso hamsin ko ɗari, ban ga abin da ya fi tawul ɗin nan ba. Hatsarinsa wuta ce, don tururin sifirit na kamawa da wuri, ga albarushi a ɗakin. A waje ake yin sa ko a buɗe taga, fetur kuwa ba ya shiga wannan magana sam.

Masu babban inji da ke matse kwanso ya ɗura shi a juyi ɗaya sukan tarar da maiƙon a jikin harsashin da ya riga ya kammala. Wasu na jefa shi a kwanon girgiza na ɗan lokaci, wasu na ganin ganganci ne a girgiza abin da ke ɗauke da albarushi. Masu natsuwa raba aikin suke yi biyu: a wanke dattin fili, a shafa mai, a matse, a cire mai, a shanya, sa'an nan wata rana a zo ɗuri. Ya fi cin lokaci, amma gardamar ba ta ma taso ba.

Abu ɗaya da bai kamata ya kusanci kwanso ba shi ne man goge tagulla mai amoniya, irin wanda ake haskaka kwanuka da maɓallan kaki da shi. Sojojin Ingila a Indiya sun ga abin mamaki a zamanin mulkinsu: harsashin da aka ajiye a bargar dawaki lokacin damina sai a tarar ya tsattsage da kansa. Sai a 1921 wasu masana uku, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka bayyana dalili. Amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawaki ce ke haɗuwa da damshi ta ci tagullar da ke ɗaure da matsin ƙira. Kwanson da aka matse a bututu irin wannan tagulla ce daidai. Mai neman ƙyalli da wannan man yana iya raunata abin da zai sa kusa da fuskarsa.

Akwai kuma abin da ya fi maiƙon muhimmanci, ko da yake ba a cika kula da shi ba. Yawancin 'yan hulunan tartsatsi da sinadarin dalma ake yin su, kuma in an harba, tokarsa na saura a cikin kwanso. Ƙurar da ke tashi in an buɗe kwanon girgiza, da baƙin ruwan da ke fita daga ganga, da tawul ɗin da ya yi baƙi, duk suna ɗauke da ita. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yawan da ke kwanson harsashi bai kai wancan ba ko kusa, amma hanyar ɗaya ce, uba ya kawo aikinsa gida, ƙura ta sauka inda yaro ke rarrafe. Likitoci sun ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira shi lafiya. Wanda ke wanke kwanso a wurin wanke kwanukan abinci, ko yake tankaɗe totuwa a cikin ɗaki, kuskurensa ya fi na wanda ya bar maiƙo girma nesa ba kusa ba.

Hukuncina a kan tambayar shi ne a cire. A shafa kaɗan tun farko, don yawansa ma na lotsa kafaɗar kwanso a cikin bututu. In kwanson kaɗan ne, tawul da sifirit mai ƙarfi. In da yawa, ruwan zafi da wadataccen sabulu da shanya mai kyau. Ƙyalli ba shi ne ma'auni ba. Kwanson da ya ɗan dushe amma yatsa ya bi jikinsa bai ji danƙo ba, cikinsa kuma a bushe, ya gama shiri.